Dennis Ritchie: Masanin da ya raba manhaja da zaman ƙangi a kan na'ura guda

Ɗalibi a Boɗinga ko malamin makaranta a Shagari yana iya kallon bidiyo da manhajar VLC a tsohuwar kwamfutarsa mai aiki da Linux, abokinsa kuma ya buɗe ita dai wannan manhaja a kan Windows ko macOS ba tare da wata matsala ba. Wannan sauƙi yana da asali, kuma kaso mai tsoka na asalin yana komawa ga wani Ba'amurke mai gudun suna, wato marigayi Dennis Ritchie.

An haife shi a ranar 9 ga Satumba, 1941, a garin Bronxville da ke Jihar New York ta Amurka. Mahaifinsa, Alistair Ritchie, masanin kimiyya ne a cibiyar bincike ta Bell Labs. Dennis ya karanci kimiyyar lissafi da ta fiziks a Jami'ar Harvard, sannan a 1967 ya bi sawun mahaifinsa zuwa Bell Labs, inda ya shafe shekara 40 yana aiki.

A wancan zamani, kowace kwamfuta da irin harshenta. Ana rubuta babbar manhajar da ke tafiyar da na'ura ne da harshen da na'urar kaɗai ke ganewa, don haka idan kamfani ya sayi sabuwar kwamfuta, sai a koma a sake rubuta komai daga tushe, a yi asarar kuɗi da lokaci. Bayan da Bell Labs ta janye daga aikin haɗin gwiwa na Multics a 1969, abokin aikinsa Ken Thompson ya fara gina wata babbar manhaja a kan ƙaramar na'urar PDP-7, wadda daga baya aka raɗa wa suna Unix. Ritchie na cikin waɗanda suka fara kama masa.

Babbar gudunmawar Ritchie ita ce harshen rubuta manhaja mai suna C, wanda ya gina a kan harshen B na Thompson, ya kuma daidaita shi a 1972. Hikimar ita ce, mai rubutu zai rubuta manhajarsa sau ɗaya, sannan wata manhaja da ke aikin tafinta ta juya rubutun zuwa harshen duk na'urar da ake so. A 1973 aka sake rubuta zuciyar Unix da harshen C. Zuwa 1978, Ritchie da Steve Johnson sun kwashe Unix daga na'urar PDP-11 zuwa Interdata 8/32, wadda ƙirarta ta sha bamban da ta farko. Hakan ya tabbatar da cewa babbar manhaja ma tana iya ƙaura daga na'ura zuwa na'ura. A wannan shekarar ce kuma shi da Brian Kernighan suka wallafa littafin The C Programming Language, wanda ya zama jagora ga masu koyon harshen a faɗin duniya.

Sai dai a lokacin Unix mallakar kamfanin AT&T ce, ba kowa ke da ikon gyara ta ko raba ta ba. Wannan ne ya sa Richard Stallman ya shelanta aikin GNU a 1983 domin samar da makamanciyarta wadda rubutunta ke buɗe ga kowa. A 1991 kuma Linus Torvalds, ɗalibi a ƙasar Finland, ya fitar da Linux, ya bi tsarin Unix, ya rubuta ta da harshen C. A kan Linux ɗin aka ɗora Android da ke cikin wayoyin mafi yawan jama'armu. Haka ma manhajojin tebur irin su GIMP ta gyaran hoto, da C aka rubuta su, yayin da LibreOffice ta ayyukan ofis ta dogara da C++, wanda ya tsiro daga C. Shi ya sa makarantar da ba ta da kuɗin sayen lasisi take iya ɗora waɗannan manhajoji kyauta a kan tsofaffin kwamfutocinta.

Ritchie da Thompson sun karɓi lambar yabo ta Turing a 1983, sannan a 1999 Shugaba Bill Clinton ya miƙa masu lambar girmamawa ta ƙasa kan fasaha. Ritchie ya yi ritaya a 2007.

An tarar da gawarsa a gidansa da ke Berkeley Heights a Jihar New Jersey ranar 12 ga Oktoba, 2011, yana da shekara 70, bayan ya yi fama da jinya. Rasuwar ta zo mako guda bayan ta Steve Jobs na kamfanin Apple, don haka kafofin yaɗa labarai ba su ba ta muhimmancin da ya kamace ta ba, duk da cewa macOS ta Apple ɗin ma daga zuriyar Unix ta fito. Masu gina manhajoji a buɗe dai ba su manta da shi ba, domin sun sadaukar da fitowar Fedora 16 da ta FreeBSD 9.0 ga tunawa da shi.