PIETRO BELLUSCHI: ƊAN CI-RANIN DA YA GINA WA MAKAƊA MAKARANTA A NEW YORK

A cikin shekarar 1923 wani saurayi mutumin Italiya, mai kimanin shekara 24 da haihuwa, ya sauka ƙasar Amurka ba ya jin Ingilishi. Sunansa Pietro Belluschi. Bayan shekara 46 da saukarsa aka buɗe ginin makarantar Juilliard a birnin New York, wato makarantar koyon kaɗe-kaɗe da bushe-bushe da rawa da wasan kwaikwayo wadda sunanta ya zaga duniya, kuma shi ne ya shugabanci masu zanen ginin. Ɗaliban da ke ciki sun ji daɗinsa, amma masu wucewa a bakin titi ba su ji ba, har ta kai ga an yanke gaban ginin an sāke shi bayan mutuwar mai shi.

An haife shi ran 18 ga watan Agusta, 1899, a Ancona, wani gari na bakin teku a gabashin Italiya, amma a birnin Rum ya girma. Yaƙin Duniya na Farko ya same shi yana matashi, ya shiga soja ya yi yaƙi a arewacin ƙasarsu. Da aka gama ya koma karatu, ya sami digirin injiniya a Jami'ar Rum a 1922, daga nan kuma ya sami gurbin ƙaro ilmi a Jami'ar Cornell ta Amurka. Da ya ƙare bai koma gida ba. Sai ya nausa yamma, jihar Idaho, ya kama aiki a wurin haƙar ma'adinai ana biyansa dala 5 a yini. A 1925 ya isa birnin Portland na jihar Oregon, wani mashahurin mai zanen gine-gine da ake kira A. E. Doyle ya ɗauke shi aikin jan layi a takarda. Doyle ya mutu a 1928, kafin nan kuwa yaron ya riga ya zama shi ne hannun daman ofishin a wajen zane. A 1943 ofishin ya koma ɗauke da sunansa.

Abin da ya fid da shi a Oregon shi ne sanin wuri. Ƙasar ruwan sama ce da dazuzzukan manyan itatuwa, saboda haka gidaje da ƙananan coci-coci da ya zana na katako ne, rufinsu mai gangara da baki mai faɗi don kare ruwa, ba ado mai yawa, suna zaune cikin itatuwa kamar can suka tsiro. Gidan adana kayan zane na Portland da ya yi a 1932 na jan bulo ne, bai fi ƙarfin maƙwabtansa ba. A 1948 kuma ya ba kowa mamaki da benen Equitable mai hawa 12, wanda aka lulluɓe da alminiyam da koren gilashi, tagoginsa a liƙe, na'ura ce ke sanyaya shi tana ɗumama shi. Yana cikin na farko irinsa a Amurka. Wannan suna ne ya sa a 1951 aka kira shi ya shugabanci sashen koyar da zanen gine-gine da tsara birane a babbar makarantar fasaha ta MIT, kusa da Boston, inda ya zauna har 1965.

Daga nan aikinsa ya sāke kama. Ya bar ofishinsa na Portland, ya zama mai ba da shawara wanda manyan kamfanoni ke gayyata. Ba duka ne suka yi masa kyau ba. Shi da Walter Gropius suna cikin waɗanda suka tsara benen Pan Am mai hawa 59 da aka gama a 1963, wanda ya tsaya ƙiƙam ya tare wa mutanen New York hangen titin Park Avenue, suka kuwa yi ta zaginsa shekara da shekaru.

To, filin da aka ba shi don makarantar Juilliard ba fili ne da aka tarar a banza ba. Unguwa ce da ake kira San Juan Hill, a yammacin tsibirin Manhattan, mazauninta baƙaƙen fata ne da mutanen tsibiran Karibiyan da 'yan Puerto Rico, yawancinsu baƙi waɗanda neman abinci ya kawo. Unguwar makaɗa ce kuma, don a nan Thelonious Monk, gwanin fiyano na kiɗan jaz, ya tashi. Hukuma ta ce unguwar ta lalace, wani babban jami'in birni mai suna Robert Moses ya sa aka rushe ta ƙarƙashin dokar gidaje ta 1949. An ƙiyasta iyalai fiye da 7,000 da wuraren sana'a kamar 800 ne aka tasa a dukan aikin, gidajen da aka gina daga baya kuwa yawanci sun fi ƙarfin aljihunsu. Wanda ya ga yadda aka yi da Maroko a Ikko a 1990 ba ya bukatar dogon bayani. Ran 14 ga Mayu, 1959, Shugaba Eisenhower ya sa shebur ya buɗe aikin dandalin da aka sa wa suna Lincoln Center. Belluschi ba shi ya tashi kowa ba, amma a kan kufan gidajensu ya yi gini.

Ita makarantar ta daɗe. An kafa ta a 1905, daga baya ta ɗauki sunan Augustus Juilliard, wani attajirin yadi da ya mutu a 1919 ya bar dukiya don koyar da kiɗa. Tana can arewacin birni a titin Claremont aka shawo kanta ta dawo sabon dandali, don ɗalibai su zauna dab da gidajen wasa inda gwanaye ke aiki. Belluschi ya jawo mutum biyu, Eduardo Catalano mutumin Ajantina wanda ke koyarwa a MIT, da Helge Westermann. Zanen ya ci fiye da shekara 10, yau a ce kuɗi sun kasa, gobe a ce an ƙara sashen wasan kwaikwayo, a yage a sāke. An fara gini a 1965, aka buɗe a watan Oktoba 1969, bayan an kashe kusan dala miliyan 30. Shi ne na ƙarshe cikin manyan gine-ginen farko na dandalin.

Wahalar ginin makarantar kiɗa ba ta yi kama da ta sauran makarantu ba. A ɗaki guda wani na busa begila, a na kusa wata na koyon waƙa, a sama 'yan rawa talatin na dirka ƙafa a daɓe, a ƙasa kuma jama'a sun biya kuɗi suna sauraron goge huɗu da ko tari aka yi sai an ji. Dole kowa ya ji nasa kada ya ji na wani. Bugu da ƙari jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa yana bi ta gindin Broadway dare da rana, girgizarsa kuwa tana bin dutse ta hau ginshiƙi. Dabarar da suka yi ita ce ta raba ɗakuna da ƙashin ginin, wato a yi ɗaki cikin ɗaki, ta yadda sauti ba zai sami hanyar bi ba. Ƙarƙashin babban zauren ma sai da aka shimfiɗa abu mai laushi tsakanin harsashi da fā. Manyan zaurukan wasa, da yake su ne masu nauyi kuma ba su bukatar taga, aka sa su a ƙasa, wasu hawa ma na cikin ƙasa. Ɗakunan karatu da na gwaji, waɗanda na gwajin kaɗai sun haura 80, aka ɗora su a sama inda akwai haske, shi ya sa hawan sama suka turo waje suka yi wa na ƙasa rumfa.

Zauruka huɗu ne a ciki, mafi suna shi ne Alice Tully Hall mai ɗaukar mutum wajen 1,100. Matar da ta biya kuɗinsa, Alice Tully, tsohuwar mawaƙiya ce kuma jikar masu kamfanin gilashi na Corning, ta kuma nace sai an bar sarari tsakanin layukan kujeru don dogaye su miƙe ƙafa. Wani Bajamushe masanin amon sauti, Heinrich Keilholz, shi ya lura da yadda murya za ta zaga zauren. A lokacin da babban zauren maƙwabtansu, Philharmonic Hall, ke shan kunya saboda rashin daɗin sautinsa, wannan ya fita lafiya. Ada Louise Huxtable, mai sharhin gine-gine ta jaridar New York Times, wadda ba ta raga wa sauran gine-ginen dandalin ba, ta yaba wa wannan.

Waje ne aka sami matsala. An lulluɓe ginin da wani farin dutse mai ƙananan ramuka da ake kira tirabatin, irin wanda aka gina tsohon filin wasa na Kolosiyam da shi a Rum, garin da Belluschi ya girma. Dutsen ya sa ya dace da 'yan'uwansa na dandali. Sai dai titunan Manhattan a miƙe suke kamar gidan dara, Broadway kuwa tana ratsa su a karkace, don tsohuwar hanya ce da ta riga tsarin birni na 1811. Ginin Belluschi ya bi gidan dara, ya zauna murabba'i, ya ƙi bin karkatar Broadway, sai aka bar wani fili mai kusurwa uku a gabansa wanda ba kasuwa ba dandali. Masu tsara Lincoln Center kuma sun so a raba mutane da motoci, suka ɗaga farfajiyarsu sama da titi. Don a haɗa makarantar da wannan farfajiya aka yi wata gada mai faɗin ƙafa kimanin 200 bisa titi na 65, aka mai da ƙofar makaranta can sama. Ƙarƙashin gadar ya zama rami mai duhu, sai ƙofofin garejin mota da na sauke kaya. Ƙofar Alice Tully Hall kuwa ta shige ƙarƙashin wata ƙatuwar matakala, baƙo da tikiti a hannu sai ya yi ta kewaya yana nema. A taƙaice gida ne mai kyawawan ɗakuna da ba a yi masa zaure a bakin hanya ba.

Ba daidai ba ne a ɗora masa laifin duka. Ɗaga farfajiya shawarar dandalin ce gaba ɗaya, kuma tunanin masu tsara birane na zamanin ke nan, cewa titi wurin ƙazanta ne da hayaniya da ya kamata a guje masa. Amma abin lura ne a ce mutumin da ya san inda zai karkata rufin coci saboda ruwan Oregon, shi ne ya yarda ɗaliban kiɗa ɗaruruwa su shiga su fita ba wanda ke ganinsu, a unguwar da dā kiɗa ke fitowa ta tagogi.

Girmansa bai ragu ba saboda haka. A 1971 aka buɗe babban cocin St. Mary a San Francisco wanda ya yi tare da injiniyan Italiya Pier Luigi Nervi. A 1972 ƙungiyar masu zanen gine-gine ta Amurka ta ba shi lambar zinariya, wadda ita ce mafi girma a wurinsu, a 1991 kuma gwamnati ta ba shi lambar girma ta ƙasa ta masu fasaha. Yana cikin alƙalan da suka zaɓi zanen wata ɗaliba, Maya Lin, a 1981 don tunawa da sojojin da suka mutu a Yaƙin Biyetnam. An ce ya sa hannu a gine-gine fiye da 1,000. Ya koma Portland a 1973, can ya mutu ran 14 ga Fabrairu, 1994, yana da shekara 94.

Bayan shekara 12 da mutuwarsa, a 2006, aka rushe gadar, rana ta sāke sauka titi na 65. Kamfanin Diller Scofidio + Renfro tare da FXFOWLE suka karɓi aikin gyara. Suka cire matakalar, suka jawo hawan sama gaba har suka kai bakin Broadway suka bi karkatarta, suka yi wa ƙasan bangon gilashi mai tsawo da wurin shan shayi wanda kowa ke iya shiga ko ba shi da tikiti. Ɗaya daga ɗakunan koyon rawa aka turo shi waje cikin gilashi, mai jiran bas yana kallon ɗalibai suna gwaji. Ƙofar makaranta ta sauko daidai da titi. Cikin Alice Tully Hall aka sāke lulluɓe shi da katakon moabi, wani itace na dazuzzukan tsakiyar Afirka, aka buɗe shi a watan Fabrairu 2009. Masu kare tsofaffin gine-gine sun yi ƙorafi, suka ce an ɓata ɗaya daga ayyukan Belluschi mafi kyau, amma ba su iya tsai da aikin ba. A 2012 aka sa wata siririyar gada ta masu tafiya a ƙafa bisa titin. Wanda ya bi ta titi na 65 ko na 66 ya yi yamma, in ya wuce sabon gilashin zai tarar da bangon dutsen 1969 da zurfafan tagoginsa, ɗakunan gwaji kuma suna bayansu.