Monika, Uwar Da Ba Ta Gaji Da Roƙon Allah Ba

An haifi Monika wajen shekarar 331 a garin Tagaste, watau inda ake kira Suk Ahras a ƙasar Aljeriya ta yanzu. A zamanin nan kuwa duk wannan yanki na Afirka ta Arewa yana ƙarƙashin mulkin Rumawa ne. Iyayenta Kirista ne. Wata tsohuwar baiwa ta gidansu ita ta rene ta da horo mai tsanani, har ruwa ma ba ta barin yara su sha sai lokacin cin abinci. Kusan duk abin da aka sani game da Monika daga alƙalamin ɗanta Agustin ya fito, wanda daga baya ya zama ɗaya daga cikin manyan malaman addinin Kirista.

Da ta isa aure sai aka aurar da ita ga wani ɗan majalisar garin mai suna Fatirisiyus, wanda ba Kirista ba ne. Mutum ne mai saurin fushi, ga shi kuma da neman mata. Dabarar Monika ita ce, idan ya hasala sai ta yi shiru, in ya huce sa'an nan ta faɗa masa gaskiya. Matan garin da ke shan duka wurin mazajensu sukan yi mamaki da ba a taɓa ganin tabo a fuskarta ba. Barorin gida kuma suka yi ta haɗa ta da uwar mijinta, amma ladabinta ya sa tsohuwar ta gane, ta sa aka hukunta masu gulmar. Duk tsawon zaman nan Monika tana yi wa mijinta addu'a, amma bai karɓi baftisma ba sai dab da mutuwarsa, wajen shekarar 371. Ya bar ta da 'ya'ya uku, maza biyu da mace ɗaya.

An haifi Agustin ran 13 ga watan Nuwamba, 354. Yaro ne mai kaifin ƙwaƙwalwa, saboda haka yana da shekara 17 aka tura shi karatu birnin Kartaj, kusa da Tunis ta yau. To, a can ne idonsa ya buɗe. Ya ajiye mace ba aure, ta haifa masa ɗa mai suna Adiyodatus. Abin da ya fi wannan tayar wa uwarsa hankali shi ne shigarsa cikin mabiya Mani, wani mutumin ƙasar Farisa da ya koyar cewa iko biyu ke ja-in-ja a duniya, na haske da na duhu. Agustin ya shekara tara tare da su, yana ta yi wa addinin uwarsa ba'a.

Sa'ad da ya komo Tagaste, Monika ta hana shi zama a gidanta. Ba da daɗewa ba ta yi mafarki, ta ga kanta tsaye bisa wani katako na awo tana kuka, sai wani saurayi ya nuna mata ɗanta tsaye bisa katakon nan tare da ita. Wannan ya sa ta buɗe masa ƙofa, don hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Da ta ba shi labari, sai ya so ya juya fassarar, wai ita ce za ta koma wajensa. Nan take ta gyara masa, ta nuna masa cewa shi aka ce zai zo inda take.

Shekaru suka yi ta wucewa ba alamar kome. Monika ta tafi wurin wani bishop wanda shi ma ya taɓa zama cikin mabiya Mani, ta roƙe shi ya yi muhawara da ɗanta. Bishop ya ƙi, don a ganinsa girman kai bai bar yaron ya saurari kowa ba tukuna, ya shawarce ta ta ƙyale shi ta ci gaba da addu'a. Ta nace tana kuka har ya ƙosa, ya sallame ta da tabbacin cewa ɗan da aka zubar wa hawaye irin wannan ba zai ɓata ba. Ta riƙe maganar nan kamar daga sama ta sauko. Safe da maraice tana majami'a, ba fashi.

Babbar jarrabawa ta zo cikin shekarar 383, lokacin da Agustin ya yi niyyar tafiya birnin Rum don ya koyar. Monika ta bi shi har bakin teku, ko dai ya fasa ko kuma su tafi tare. Sai ya yaudare ta, wai wani abokinsa yake wa rakiya, ya lallashe ta ta kwana a wani ɗakin sujada da ke kusa da tashar jiragen ruwa. Ta kwana tana roƙon Allah kada jirgin ya tashi. Iska kuwa ta kaɗa, jirgi ya tashi, gari ya waye ba ɗanta ba labarinsa. Ta yi kuka, ta zarge shi da cin amana, sa'an nan ta koma ga addu'arta. Ashe wani hani ga Allah baiwa ne, domin tafiyar nan da ta roƙa a hana ita ce ta kai Agustin inda zai sami abin da ta daɗe tana roƙa masa.

Cikin 384 aka naɗa shi malamin balaga a birnin Milan na Italiya, inda sarkin Rumawa ke zaune a lokacin. Bishop na birnin, Ambros, gwanin wa'azi ne. Agustin ya fara zuwa sauraronsa don ya auna iya maganarsa kawai, har ma'anar ta soma shigarsa. Monika ta hau jirgi ta bi shi cikin 385, kuma da hadiri ya taso musu a teku ita ce ta riƙa kwantar wa matuƙan hankali. Ta tarar ya rabu da mabiya Mani, amma bai zama Kirista ba. Ta shaida masa cewa ta tabbata za ta gan shi Kirista kafin ta mutu.

Monika 'yar Adam ce, ta kuma yi abin da ake kushe mata har yau. Don ta sama wa ɗanta auren da ya dace da matsayinsa, ta nema masa wata yarinya wadda sai an jira shekara biyu kafin ta isa aure. Saboda haka aka mai da uwar Adiyodatus Afirka, bayan zaman wajen shekara 15, aka raba ta da ɗanta. Auren ma bai yiwu ba.

Wajen watan Agusta na 386, Agustin yana cikin wani lambu a Milan cikin damuwa, ya buɗe wasiƙar Manzo Bulus zuwa ga Romawa, ya karanta ƙarshen sura ta 13, zuciyarsa ta natsu. Sai ya kai wa uwarsa labari. A daren Ista, cikin watan Afrilu na 387, Ambros ya yi masa baftisma tare da ɗansa da abokinsa Alifiyus. Shekara 16 ke nan tun rasuwar mijinta tana jiran wannan rana.

Suka kama hanyar gida, suka sauka Ostiya, tashar jiragen ruwa ta birnin Rum. A nan ta gaya masa cewa ba ta da sauran buri a duniya. Bayan kamar kwana biyar zazzaɓi ya kama ta. Da ma ta tanadi kabari kusa da na mijinta a Tagaste, amma ta ce wa 'ya'yanta su binne ta ko'ina, su dai riƙa tunawa da ita a gaban bagadi. Ta rasu a kwana na tara na ciwon, tana da shekara 56.

Ba ta ga ranar da ɗanta ya zama bishop na Hippo ba, watau garin Annaba na yau, inda ya rasu cikin 430. A shekarar 1430 aka kwashe ƙasusuwanta zuwa birnin Rum, daga baya aka ajiye su a majami'ar da ke ɗauke da sunan ɗanta. 'Yan Katolika suna tunawa da ita kowace ran 27 ga Agusta, kashegari kuma su tuna da ɗan da ta yi wa kuka.