Archibald Vivian Hill: Masanin Lissafi a Fagen Nazarin Jiki

An haifi Archibald Vivian Hill a birnin Bristol na ƙasar Ingila ranar 26 ga Satumba, 1886. Lissafi ya karanta a Jami'ar Kambirij, kuma ya yi fice, domin shi ya zo na uku a jarrabawar 1907. Daga nan ya koma nazarin yadda jiki ke aiki, amma bai ajiye lissafinsa ba.

A cikin jini akwai wani sinadari mai suna himogulobin, wanda ke ɗaukar iskar oksijin daga huhu ya raba wa sassan jiki. Masana sun lura cewa da zarar ya fara kama iskar, sai kamun ya ƙara sauƙi, amma ba su da hanyar auna wannan hali. A 1910, yana ɗan shekara 23, Hill ya tsara wata gajeruwar ƙa'idar lissafi. A cikinta akwai lamba guda: in ta wuce ɗaya, to ƙwayoyin suna taimakon juna wajen kamu. Ta himogulobin ta kusa uku.

Abin mamaki, dalilin da ya gina ƙa'idar a kansa bai tabbata ba. Ya zaci ƙwayoyin himogulobin dunƙulewa suke yi, sai daga baya aka gano cewa kowace ƙwaya tana da gurabe huɗu na kama iska. Duk da haka ƙa'idar ta ci gaba da aiki. A yau da ita ake lissafa yadda wasu sinadaran furotin ke manne wa DNA, wato zaren da ke ɗauke da bayanan gado, su kunna wani sashensa ko su kashe shi. In sun manne tare, canjin yakan zo kwatsam, kamar an danna makunnin lantarki.

Hill ya samu kyautar Nobel ta 1922 tare da Bajamushe Otto Meyerhof, saboda bincikensa kan zafin da tsoka ke fitarwa lokacin aiki. A 1933, da gwamnatin Hitila ta fara korar malaman jami'a, musamman Yahudawa, yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar nema musu mafaka da aiki. Ya wakilci jami'arsa a majalisar dokokin Birtaniya daga 1940 zuwa 1945. Ya rasu a Kambirij ranar 3 ga Yuni, 1977, yana da shekara 90.