Tarihin Marigayi Sarkin Kano Muhammadu Abbas (1903 zuwa 1919)

A ci gaba da kawo tarihin sarakunanmu, wannan karo mun zo kan Sarkin Kano Muhammadu Abbas, wanda a zamaninsa aka yanka ƙasar Kano gunduma-gunduma. Duk wanda ya taɓa kai ƙara gaban dagaci, dagaci ya tura shi wurin hakimi, to ya bi hanyar da aka daidaita a wancan lokaci.

Abbas ɗa ne ga Sarki Abdullahi Maje Karofi, jika ga Sarki Ibrahim Dabo. A yaƙin basasa da ya ɓarke a shekarar 1893 yana ɓangaren Yusufawa, kuma bayan ɗan'uwansa Alu ya hau gadon sarauta ya riƙe sarautar Wambai. Lokacin da Turawa suka ci birnin Kano a watan Fabrairu na 1903, Sarki Alu da manyan hakimansa suna kan hanyar dawowa daga Sakkwato. Rundunar ta rabu. Waziri Ahmadu ya kwanta dama a fafatawar Kwatarkwashi, shi kuwa Wambai Abbas ya jawo sauran jama'a suka komo gida. A watan Afrilu Gwamna Lugga ya tabbatar masa da sarauta.

Kafin wannan lokaci hakimai a cikin birni suke zaune, kusa da fada. Garuruwan da kowannensu ke riƙe da su a warwatse suke, wani a gabas wani a yamma, kuma jakada ne ke zirga-zirga tsakanin hakimi da talakawa. Shi ke kai umarni, shi ke karɓo kuɗin ƙasa. Manomi kan yi shekaru bai ga fuskar hakiminsa ba, sai dai ta jakada, wanda ba ya komawa birni ba tare da nasa rabon ba. Turawa suka matsa a haɗa garuruwan da ke maƙwabtaka su zama gunduma ɗaya, hakimi kuma ya tare a can, a soke aikin jakadu. Ta haka a ƙarshe aka san Madaki da Dawakin Tofa, Makama da Wudil, Sarkin Bai da Ɗambatta.

Sarki Abbas bai karɓi wannan sauyi hannu bibbiyu ba, kuma ba mu ga laifinsa ba, domin hakimin da ya yi nisa da fada ya fi kusa da idon Bature. Saɓani ya yi tsanani tsakaninsa da Razdan Cargill, har a shekarar 1908 Razdan ya ɗauko bawan sarki, Ɗan Rimi Allah Bar Sarki, ya naɗa shi Waziri, ya mai da harkokin mulki hannunsa. Sarki ya yi haƙuri. A 1909 Razdan Temple ya warware wannan naɗi, sarauta ta koma hannun malami, Waziri Giɗaɗo. A wannan zamani ne kuma aka kafa baitulmali, aka fara yanka wa sarki da hakimai da alƙalai albashi, maimakon kowa ya cira daga abin da ya tara. Malaman taki suka shiga auna gonakin da ke kewaye da birni domin a san harajin kowa. A ganinmu nan ne hikimar Abbas ta fito fili: ya bar Turawa suka yanka gundumomi, amma ya riƙe ikon naɗa waɗanda za su zauna a cikinsu, ya kuma ɗora 'ya'yansa da amintattunsa a kan masu muhimmanci.

Shi kansa birnin ya tumbatsa ya fita bayan ganuwa. Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nasarawa a 1909. Layin dogo ya iso a 1911, cinikin gyaɗa ya bunƙasa, aka keɓe Sabon Gari domin baƙi daga Kudu, ƙarƙashin kulawar Turawa, yayin da unguwannin cikin ganuwa suka ci gaba da zama a hannun masu unguwanni da fada. Tun daga nan ake maganar Birni da Waje. Ba a rasa wahala ba, domin yunwar 1914 ta ci rayuka masu yawa a karkara.

Allah ya yi masa rasuwa a 1919. Ɗan'uwansa Usman ya gaje shi, sannan ɗansa Abdullahi Bayero ya hau a 1926.

Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ɗauke ayyukan mulki daga hannun En'e, gwamnatin Abubakar Rimi kuma ta soke haraji da jangali bayan hawanta a 1979. A yau Jihar Kano na da ƙananan hukumomi 44, takwas daga ciki su ne birnin da kewayensa: Birni, Dala, Gwale, Fagge, Nasarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo. Da yawa daga hedikwatocin na karkara, irin su Wudil da Bichi da Ɗambatta, tsofaffin mazaunin hakimai ne.