Tanimun, Sarkin Damagaram

Tanimun ɗan Sarki Sulaiman ne. A zamanin ƙuruciyarsa, Damagaram ƙaramar ƙasa ce a ƙarƙashin Shehun Barno, tana kai masa gaisuwa.

Sarauta ba ta zo wa Tanimun da sauƙi ba. Ya daɗe yana jayayya da ɗan'uwansa Ibrahim. Ya hau gadon sarauta a 1841, aka tuɓe shi bayan shekara biyu. A 1851 ya sake hawa, ya yi mulki fiye da shekara talatin.

Tanimun ya gane ƙarfin ƙasa ba a yawan dawaki kaɗai yake ba. Ya jawo fatake, ayari ya riƙa zuwa Zinder daga Tarabulus ta cikin hamada. Fataken suna kawo tufafi da takarda da bindigogi, suna komawa da fatu da gashin jimina da bayi. Ya kewaye birni da babbar ganuwa. Ya sa maƙera suka ƙera igwa, aka riƙa haɗa albarushi a cikin gari. Ya kafa rundunar ƴan bindiga.

Da wannan ƙarfi ya faɗaɗa ƙasarsa. Sarakunan Sosebaki na Mirriya da Waca da Dungas suka bi shi. Ƙasar Magarya, inda jinin sarautar Daura suka zauna bayan jihadi, ita ma ta shiga hannunsa. Har Shehun Barno ya koma yana taka-tsantsan da shi.

Amma talakawa sun ɗanɗana kuɗarsu. An ƙone garuruwa, an kama mutane an sayar, an raba uwa da ɗanta. Da kuɗin bayin nan aka sayi bindigogi da yawa.

Tanimun ya rasu a 1884, ya bar Damagaram cikin manyan ƙasashen yankin. A shekarar nan ce Turawa suka fara taro a Balin, babban birnin Jamus, kan rabon Afirka. A 1899 sojan Faransa suka ci ɗansa Amadu Kuran Daga da yaƙi a Tirmini, suka shiga Zinder. Ragowar ganuwar Tanimun tana nan a unguwar Birni.

Tambayoyi
1. Da me Tanimun ya ƙarfafa Damagaram?
2. Waɗanne ƙasashen kudu suka bi shi?
3. Su wa suka sha wahalar yaƙe-yaƙensa?