Leo Baekeland: Ɗan Mai Gyaran Takalmi da Tukunyarsa

A zangon karatun da ya wuce soket ɗin ɗakinmu ya narke. Wani abokin kwananmu ne ya jona hita da tsakar dare, muka farka cikin warin roba, murfin ya lanƙwashe kamar kitse a wuta. Allah dai Ya tsare. Da na je hutu gida sai na tsaya ina kallon wani tsohon makunnin fitila baƙi a zauren kakana. Abin ya girme ni, ya sha zafi ya sha ƙura, amma ko gezau. Malaminmu na sashen lantarki ne ya gaya mini sunan abin da aka yi shi da shi, wato Bakelite. Daga nan na shiga bin sawun mutumin da ya ƙirƙiro shi.

An haifi Leo Baekeland a birnin Ghent na ƙasar Beljiyam a 1863. Babansa mai gyaran takalmi ne, mahaifiyarsa 'yar aikin gida. Abin da ya fara jan hankalina shi ne a makarantar koyon fasaha ta garinsu ya fara sanin kimiyyar haɗa sinadarai, irin makarantar da wasu ke yi wa kallon ta 'ya'yan talakawa. Daga can ya samu tallafin shiga jami'ar Ghent a 1880, yana da shekara 21 ya riga ya zama dakta. Ya auri Céline Swarts, 'yar malaminsa, a 1889, kuma a shekarar suka tafi Amurka.

Arzikinsa na farko ba daga lantarki ya zo ba. Takardar wanke hoto ya ƙirƙiro mai suna Velox, wadda ake iya aiki da ita da hasken fitila ba sai an jira rana ba. A 1899 George Eastman mai kamfanin Kodak ya saye ta da kuɗi masu kauri. Wani da ya samu irin wannan sai ya miƙe ƙafa. Shi kuwa ya sayi gida a Yonkers kusa da New York, ya kafa ɗakin gwaji a ciki.

A lokacin lantarki na ta bazuwa, kuma matsalar masu harkar ita ce abin da za a rufe waya da shi don kada wuta ta tsallaka. Suna dogaro da wani ƙaro mai suna shalak, wanda wani ɗan ƙwaro ke fitarwa a rassan itatuwa a Indiya da maƙwabtanta. Ana narkar da shi a shafa wa naɗin waya. To ƙwaro nawa za su ciyar da masana'antun duniya? Ga shi kuma yana laushi idan ya ji zafi.

Baekeland ya juya ga sinadarai biyu: finol, wanda ake samu daga kwaltar gawayin kwal, da fomaldehaid, wanda 'yan sashen kimiyyar gwaje-gwaje suka sani a cikin ruwan fomalin. Ba shi ya fara haɗa irinsu ba. Tun 1872 Adolf von Baeyer na Jamus ya gwada makamancin haka. Waɗanda suka biyo baya abin da suke samu shi ne wani dunƙulallen abu mai kumfa da ramuka, ya manne a kwalba ya ƙi fita, ba ya narkewa a komai. Shara suka ɗauke shi. Baekeland ya ga cewa wannan taurin kan shi ne ainihin abin da ake nema, in dai za a iya sarrafa shi kafin ya daskare.

Nan ne wurin da na fi so a labarin. Idan haɗin ya ɗau zafi yana fitar da tururi, tururin ne ke huda shi ya bar shi da ramuka, ya zama mai saurin karyewa. Wasu suka riƙa rage wuta. Shi sai ya ƙara wutar, ya kuma rufe haɗin cikin wata tukunyar ƙarfe mai siffar ƙwai, ya ɗura mata matsi har kumfar ta rasa hanyar tashi. Aiki ne na sa ido a kan ma'aunin zafi da agogon matsi, a rubuta, a sake, a rubuta. Abin da ya fito a 1907 tauri gare shi, sumul, lantarki ba ya ratsa shi, kuma in ya daskare sau ɗaya zafi ba ya sake narkar da shi. Bambancinsa da robar soket ɗinmu ke nan.

Ya shigar da takardar neman haƙƙin mallaka a watan Yuli na 1907. Wani injiniyan lantarki ɗan Birtaniya, James Swinburne, yana kan irin wannan aiki, ya makara da kwana ɗaya tak. Duk lokacin da na tuna yadda muke jan ƙafa da furojet sai wannan kwana ɗayan ya faɗo mini. Daga baya ma dai su biyun sun yi kasuwanci tare.

Ya bayyana abin ga taron masana sinadarai a New York a Fabrairun 1909, ya kafa kamfaninsa a 1910. Kafin a ce me, Bakelite ya shiga makunnai, filogi, akwatin rediyo, kan wayar tarho, murfin distiributa na mota, har da mariƙin tukunya.

Ƙarshensa bai yi daɗi kamar farkonsa ba. Ɗansa George bai da sha'awar riƙe kamfanin, sai ya sayar wa Union Carbide a 1939, ya koma Florida ya janye daga mutane, abincin gwangwani ya zama cimarsa. Ya rasu a Fabrairun 1944 a garin Beacon na jihar New York, yana da shekara 80. Tukunyar tasa tana ajiye a gidan tarihi na Smithsonian a Washington.

Mu kuwa mun yi karo-karo mun sayi sabon soket. Ni aka aika kasuwa, na tsaya ina ƙwanƙwasa su ɗaya bayan ɗaya da farce har mai shagon ya fara harara ta.