Frederick Maytag: Ɗan manomin da ya kai injin wanki ƙauyukan da ba lantarki

Ba da injin wanki Frederick Louis Maytag ya fara ba, da kayan noma ya fara. An haife shi a 1857 a jihar Illinois ta Amurka, iyayensa Jamusawa ne da suka yi ƙaura zuwa ƙasar. Yana ɗan kimanin shekara goma suka koma gona a jihar Iowa, inda ya tashi cikin aikin noma, karatun boko kuwa kaɗan ya samu.

A 1893 shi da surukansa biyu da wani mai ƙirƙira, George Parsons, suka kafa kamfani a garin Newton da jarin dala 2,400. Abin da suke ƙerawa na'ura ce mai tura damin hatsi cikin injin sussuka, aikin da a da ake yi da hannu, har wasu ma'aikata kan rasa yatsu ko hannu.

Matsalar ita ce kasuwar kayan noma ta lokaci ce. Da kaka ta wuce sai ciniki ya tsaya, ma'aikata su zauna. Don cike wannan giɓi ne kamfanin ya fitar da injin wanki na farko a 1907, mai suna Pastime: baho ne na katako da ake juyawa da hannu. Shekara biyu bayan haka Maytag ya mallaki kamfanin shi kaɗai, ya sa masa sunansa.

Ya kuma gwada harkar ƙera motoci a garin Waterloo, ya tafka asara ya janye.

Inda ya nuna ya san mutanensa shi ne a 1915. Lokacin an riga an fara injin wanki mai aiki da lantarki, amma yawancin gidajen karkarar Amurka ba su da wuta. Sai kamfanin ya fito da Multi-Motor, injin wanki mai ɗauke da ƙaramin injin fetur. Matar manomi da ke kwashe yini guda tana cuɗa kaya da hannu ta samu sauƙi ba tare da jiran ranar da za a jawo wuta ƙauyensu ba. Kusan dai dabarar da mai janareta ke yi a yau.

Babbar nasarar ta zo a 1922 da Gyrafoam, wanda injiniyan kamfanin Howard Snyder ya tsara. Maimakon a riƙa jan tufafi ana gurza su, sai aka sa abin motsa ruwa a ƙasan bahon alminiyam, ruwan sabulu ke ratsa kayan. Wanki ya fi fita, kaya ba sa saurin yagewa. Maytag, yana da shekara 65, shi da kansa ya ɗauki injinan ya nufi yammacin ƙasar neman dillalai. Cikin ƴan shekaru kamfaninsa ya zama kan gaba a Amurka, zuwa 1927 ya ƙera injin wanki miliyan ɗaya.

Ya taɓa siyasa: ya yi shekara goma a majalisar dattawan Iowa, ya kuma riƙe magajin garin Newton, wanda ya gina wa wurin shaƙatawa da tafkin ninƙaya.

Ya rasu a Los Angeles a watan Maris na 1937. Kamfanin Whirlpool ya saye Maytag a 2006, a shekarar da ta biyo baya aka rufe masana'antar Newton.